Injin Kowa

A shekarar da ruwan Tiga ya ja baya fiye da yadda aka saba gani, masunta suka dawo da labarin cewa kufan Ɗorawa ya fito. Ɗorawa ita ce ƙauyen da dam ya cinye tun kafin a haifi Ghali, aka kwaso mutanenta aka zuba su a tudun da suke zaune yanzu, suka koyi sana'ar su da noman rani don dole. Abin da ya fito ɗin ba wani abin kallo ba ne. Ɗan tudu ne a tsakiyar ruwa kamar bayan kunkuru, da kututturen ɗorawa, da duwatsun tsohuwar maƙabarta. Amma da labarin ya shiga kunnen Malam Gwadabe, kakan Ghali, sai ya ajiye ƙoƙon kununsa bai ƙarasa ba.

A can aka binne mahaifiyarsa, Safara'u, ana saura damina ɗaya a tashi garin. Yana saurayi ya bar ta. Yanzu da sanda yake tafiya, yanar ido ta rufe masa ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi yake gani.

"Ɗan boko," ya ce da Ghali, "ka kai ni in taka ƙasar nan in yi mata addu'a. Daga wannan ba ni da sauran buƙata a wurinka."

"Kai da ko masallaci sai an riƙe ka, tsoho, ina kai ina tsakiyar dam?"

"Riƙe ni ɗin za ka yi. Me ka iya in ba shi ba?"

Ghali malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare, kuma duk garin an san shi da cewa bakinsa ba ya shiru a kan yadda ake barin abu ya lalace a ce haka Allah ya so. Ya yi dariya, amma a ransa ya riga ya ɗauka. Matsalar ita ce tafiyar. In da filafili za a tuƙa jirgin ruwa, sai an wuni a cikin ranar bazara, ga iskar yamma mai tayar da igiyar ruwa, tsoho ba zai kai ba. Da inji kuwa, a fita da hantsi a dawo kafin azahar. Sannan lokaci ba ya hannunsu: hadari ya fara haɗuwa ta kudu, kuma kowa ya sani da zarar an yi ruwan kirki a Doguwa da Tudun Wada, kogi zai kwaso shi ya kawo, kufan ya koma inda ya fito.

Injin jirgi ɗaya ne a garin, na ƙungiyar masunta, wanda wani shirin tallafi ya ba su shekaru da yawa da suka wuce. Yana rataye a zauren Kawu Atiku, ƙanin mahaifin Ghali kuma shugaban ƙungiyar. Tun da aka shiga noman ranin bana ba wanda ya tayar da shi.

Ghali ya durƙusa ya gaida shi, aka tambayi gida da makaranta da zafi, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Ɗauka mana," in ji Kawu Atiku. "Ai na kowa ne. Lafiyarsa lau, ja ɗaya yake tashi."

Ghali ya sauke injin ya buɗe murfin. Zanzaro ya yi gini a ciki. Ya duba gefen da tiyon mai yake shiga, babu tiyo.

"Kawu, ina tiyon?"

"Yana wajen Buba. Na injin ban-ruwansa ne ya tsage, ya ara."

"Tankin fa?"

"Tankin ma aro aka yi. Za ka same shi a gidan liman, ina jin kananzir suke zubawa."

"Yaushe aka ara?"

"To, wa yake riƙe irin wannan? Kai dai bi ka karɓo, ba wanda zai hana ka."

Haka al'adar take. Da rani kowa yana bakin gonarsa da ɗan injin ban-ruwa, kuma duk wanda wani abu ya lalace masa ba ya nufar kasuwa, zauren Kawu Atiku yake nufa da sufana. A kwance wannan, a zare wancan, a ce aro ne. Ba wanda yake ganin ya yi sata, don kuwa kayansa ne. Ba kuma wanda yake ganin mayarwa ta hau kansa, don kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai. In damina ta faɗi aka koma su, sai a taru a kan injin ana mamakin yadda kayan zamani ba su da ƙarko.

Wunin ranar Ghali ya yi shi yana bi gida-gida kamar mai rabon goron suna. Ya karɓo tiyo, ya karɓo tanki ya wanke shi da fetur, ya haɗa sabon mai da man gauraye na ainihi, ba baƙin man da ake juyewa daga injin niƙa ba, wanda shi aka saba ɗura wa injin. Da la'asar ya ɗaura shi a bayan jirgin ƙungiya, ya matsa robar tiyon har ta yi tauri, ya ja cok, ya kama igiya ya fizga.

Igiyar ta taho rabi ta cije, wani abu ya ce ƙwas a ciki. Ya sake ja a hankali, ya sake jin ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Ya saki igiyar, ya kwance fulogin sama, ya kwance na ƙasa, ya jera su a tafin hannunsa. Ba na injin ba ne. Fulogin injin jirgi gajere ne, waɗannan kuwa dogaye ne na injin ban-ruwa, matattu, an cusa su ne kawai don a toshe rami. Tsawonsu ya kai har fistin yana dukan bakinsu.

Bai sha wahalar gano mai aikin ba. Tasi'u ne, ɗan gwaggonsa, abokin wasansa. Washegari da safe ya same shi a gonar masara a bakin dam, injinsa yana ta fafara, ruwa yana bin kwari.

"A'a, malam da kansa," in ji Tasi'u. "Yau allo ya ƙare ne, an zo koyon aikin maza?"

"Fulogin injin ƙungiya na zo karɓa."

"Ɗaya ya ƙone tun kafin azumi. Ɗayan ga shi nan yana aiki, ka gan shi."

"Ka san abin da ka cusa a madadinsu ya kusa fasa fistin?"

"Fulogi ai fulogi ne. Da ƙyar ma suka shiga, sai da na sa bututu a kan sufana na taka." Ya faɗi haka ne da alfahari, kamar wanda ya kayar da sa.

Ghali ya gaya masa maganar tsoho, da kufai, da hadarin kudu. Tasi'u ya daina dariya, ya dubi masararsa da ta fara fitar da gemu.

"Ni ma kakana ne, Ghali. Amma in na kashe injin nan yau, jibi masarar nan ta zama harawa. Ita Inna Safara'u addu'a tana isar mata daga ko'ina. 'Ya'yana kuwa ba sa cin addu'a."

Abin da ya fi ba Ghali haushi shi ne maganar ba ƙarya ba ce.

A Tiga babu irin fulogin. Masu kayan gyara duk na babur da na ban-ruwa suke ajiyewa. Sai da ya jira Asabar, ranar da babu makaranta, ya shiga mota zuwa Kano ya sayo. A hanyar dawowa, daga garin Ƙofa ya hango kudu ta yi baƙi ƙirin, walƙiya tana tsaga ta ba ƙara. Da ya iso gida ya tarar da tsoho a ƙofar zaure, an wanke masa farar rigarsa an shanya.

"Gobe ne?" in ji Malam Gwadabe.

"In Allah ya yarda."

"Na ji ƙanshin ƙasa ɗazu. Ba a nan aka yi ba, iska ce ta kawo."

Da safe Ghali ya koma bakin ruwa. Ya sa wayar wuta a kan sabon fulogi, ya jingina shi da jikin injin, ya ja igiya. Wuta shuɗiya ta yi tsalle a bakinsa. Ya gwada ɗayan, shi ma haka. To, wuta akwai. Ya ɗaura su, ya ja, ya ja, ya ja har kafaɗarsa ta fara ciwo. Injin ko tari bai yi ba. Ya kwance fulogin ya duba, a bushe yake ƙamas. Mai ba ya isowa.

Masu wanke koma da masu jiran kifi suka fara taruwa. Wani ya ce a buga masa dutse a gefe, haka ake yi masa. Wani ya ce ai injin ba ya son baƙon hannu. Wani dattijo ya ce tun farko ma ba a so a riƙa tayar da waɗanda suke kwance a ƙarƙashin ruwa. Ghali ya shimfiɗa buhu, ya kwance kafireta, ya buɗe ƙoƙon da mai yake taruwa. Man da aka bari a ciki tun kaka ya daskare ya zama kamar ƙaro, kore-kore, yana wari. Da a ce ranar da za a rataye injin wani ya cire tiyo ya bar shi ya shanye man cikinsa, da duk wannan bai faru ba. Aikin da bai kai shan kofin shayi ba. Ya jiƙa kayan a fetur, ya zaro silin waya ɗaya yana tsokale 'yar ƙofar man, yana hurawa, yana ɗagawa sama ya ga ko haske zai ratsa. Rana ta take kafin ya ga hasken.

Ya mayar da komai, ya ja. Injin ya yi tari sau ɗaya, ya tofar da hayaƙi. Mutane suka matso. Ya sake ja, sai ya ji wani huci, fuss, daga saman injin, kamar an taka ƙwallon da ta fashe. Ya sa yatsa ya taɓa fulogin sama, ya ji yana rawa a raminsa. Ya juya shi da sufana, ya yi ta juyawa ba ya kamawa. Bututun Tasi'u ya cinye haƙoran ramin. Iskar da ya kamata ta matse a ciki ta kunna mai, ta nan take gudu.

Wannan ba gyaran bakin ruwa ba ne. Sai an cire kan injin an kai Kano, masu injin yankan ƙarfe su dasa masa sababbin haƙora. Ghali ya wanke hannu ya nufi zauren Kawu Atiku, ya ce shi zai kai, shi zai ɗauki nauyin komai, izini kawai yake nema.

Kawu Atiku ya gyara zama. "Cire kai? A'a, wannan babbar magana ce. Kayan jama'a ne. Sai an zauna."

"Kawu, da aka zare tiyo an zauna? Da aka kwance fulogi an zauna?"

"Wannan aro ne, yana cikin gari. Kai kuwa fita za ka yi da shi. In ya ɓace a can, wa zan ce?"

"Ka ce ni."

"Kai ɗana ne, cewa za a yi na ba ɗana. Bari dai a sauko daga Juma'a mu haɗu. Gaggawar me ake yi? Baba ya yi haƙurin shekara da shekaru, ba zai gaza na 'yan kwanaki ba."

Juma'a ta zo, aka ce akwai suna a gidan ma'ajin ƙungiya, zama sai wani makon. A daren Juma'ar aka yi ruwa a kudu. Da safe bakin dam ya yi ja, yana ɗauke da karare da kumfa, kuma turken da ake ɗaure jirgi, wanda jiya yake a kan busasshiyar ƙasa, yau ruwa yana lasar gindinsa.

Ghali ya tsaya yana kallon turken. Sannan ya yi abin da ya sha zagin wasu a kansa. Ya yanko siririn falle daga gwangwanin lemo, ya naɗe haƙoran fulogin da shi, ya ƙara da silin waya, ya murɗa shi cikin ramin a hankali har ya ji ya ɗan cije. Ya ɗiga fetur a maƙogwaron kafireta, ya yi bisimilla, ya ja.

Injin ya tashi. Yana karkarwa, yana tsallake bugu, amma ya tashi. Ya bar shi ya yi zafi, ya kashe, ya sake ja don ya gwada. Shiru. Zafi ya buɗa ramin, naɗin ya saki. Sai da injin ya huce sarai, ya sake sabon naɗi, sannan ya kuma tashi. Ghali ya gane abin da yake hannunsa: inji ne mai tashi sau ɗaya. In an kashe shi a tsakiyar ruwa, sai yadda hali ya yi.

Ya je ya ɗauko tsoho a kan babur. Malam Gwadabe ya sa farar rigarsa da hula, ya riƙo carbi. Aka ɗaga shi aka zaunar a tsakiyar jirgi a kan tabarma. Ghali ya saka filafili da gorar tuƙi, ya tayar da injin da sabon naɗi, suka fita. Tasi'u yana gonarsa ya ɗago musu hannu. Ghali ya yi kamar bai gani ba.

Tsoho ya yi ta magana a hanya, yana ɗaga murya saboda ƙarar injin. Ya ce daga kututturen ɗorawa in ka fuskanci gabas, gidansu yana hannun dama, maƙabarta tana gaba kaɗan. Ya ce ita Inna a gefen wani farin dutse take, shi ya ɗauko dutsen da kansa daga rafi. Ghali yana jin sa da kunne ɗaya, ɗayan yana kan injin, idonsa kuma yana neman tudu.

Babu tudu. Ya zaga inda masunta suka kwatanta masa, ya sake zagawa. Can ya hango wani baƙin abu kamar kan mutum, ruwa yana karyewa a jikinsa. Kan kututturen ne, abin da ya rage bai fi tafin hannu ba. Ya rage wuta ya matsa kusa. Jan ruwa ne ko'ina, ba a ganin komai a ƙarƙashinsa.

"Mun iso ne?" in ji tsoho. "Na ji ka sassauta."

Ghali ya dube shi. Idon nan mai dishi-dishi yana ta lalube a kan hasken ruwa. Da zai ce masa ga duwatsun can, amma laka ba za ta bari a sauka ba, da ya yarda.

"Mun iso, Malam. Ruwa ya rufe."

"Duka?"

"Sai kan kututture."

"Ko zuwa gwiwa ne ai zan iya tsayawa. Ka riƙe ni."

Ghali ya zura gorar tuƙi. Ta nutse, ta nutse, sai da ruwa ya wuce tsayin ƙirjinsa sannan ta taɓa ƙasa, kuma yana jin yadda ruwan yake jan ta. Ya gaya masa. Tsoho ya miƙo hannu.

"Ba ni bakin gorar."

Ghali ya kai jirgin gabas da kututturen gwargwadon yadda ya iya kintata, ya kafa gorar, ya ɗora hannun kakansa a kanta. Malam Gwadabe ya riƙe da hannu biyu, ya danna, kamar mai son ya ji abin da yake can ƙasa. Laɓɓansa suka fara motsi, sai ya tsaya.

"Kashe abin nan. Ba na jin abin da nake faɗa."

"In na kashe ba zai tashi ba."

"Na ji. Kashe."

Ghali ya dubi kudu, inda hadari ya fara tasowa tun azahar ba ta yi ba. Ya dubi gaɓar da suka baro, wadda ta zama siririn zare. Ya sa yatsa ya danna makashin.

Shirun ya sauko musu gaba ɗaya. Sai ƙarar ruwa a jikin katako, da muryar tsoho ƙasa-ƙasa yana kiran sunan mahaifiyarsa da na mahaifinta, yana roƙa mata gafara. Jirgin yana juyawa a hankali, gorar tana sulɓewa a laka tana sake kamawa. Kafin ya shafa, sun yi nisa da kututturen, kuma Ghali bai san ko a kan maƙabarta suke ba, ko a kan turken awakin wani. Bai faɗa ba.

Malam Gwadabe ya saki gorar, ya shafa fuska, ya goge hannunsa a farar rigar.

"Ba komai," ya ce. "Baɗi in ya sake fitowa sai mu zo da wuri."

Irin kalmomin nan ne Ghali ya fi tsana a duniya. Su ya ji a zauren Kawu Atiku, su ya ji a bakin ruwa, su yake ji a ofishin makaranta duk lokacin da rufi ya yaye. Yana da amsarsu a shirye, ya sha ba da ita. Ya dubi hannuwan tsohon a kan gwiwoyinsa, ya haɗiye ta.

Ya juya ga injin ya ja igiya. Huci kawai. Ya sake ja, fulogin ya yi tsalle ya fito da naɗinsa, yana lilo a jikin waya, ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Sauran fallen gwangwanin yana can bakin ruwa a kan buhu. Iska ta fara kaɗawa, igiyar ruwa ta farko ta mari gefen jirgin ta fantsamo musu.

Ghali ya cire rigarsa ya lulluɓa wa kakansa a ka, ya ɗaga ƙafar injin daga ruwa don kada ta riƙa jan su baya, ya ɗauki filafili.

"Ɗan boko," in ji tsoho daga ƙarƙashin rigar, "ka iya tuƙi kuwa?"

"Riƙe gefen jirgin da kyau, Malam."

Ya tsoma filafilin a jan ruwan ya fara ja.